Masu aikin hannu ku taimaka: ina tsara filin injin finbol a Agege

Kafintan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shagona na Agege kusa da layin dogo, a gefe kuma ina da ɗan ɗakin gem inda yaran unguwa ke buga PS bayan la'asar. Abin da ke tafe da ni, so nake in haɗa injin finbol da hannuna, na gaske mai ƙwallon ƙarfe da gilashi a sama. Duk wanda ya yi zaman kafe zamanin Windows XP ya san wasan, shi muke bugawa in intanet ta ƙi: ƙwallo na gangarowa, hannaye biyu a ƙasa na mayar da shi sama. Na gasken ba kasafai ake ganinsa a ƙasar nan ba, in kuwa ka ce oda za ka yi daga Amurka, kuɗin jirgi da na kwastan kaɗai sun isa su sa ka haƙura.

Akwatin da ƙafafun ba su dame ni ba, abincina ne. Filin da ƙwallon ke gudu a kai shi ya hana ni barci. Na sayo filawud a kasuwar katako ta Mushin, na yanka a awon da masana'antun Amurka suka saba bi, faɗi inci 20 da kwata, tsawo inci 42. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 fili huɗu yake bayarwa, don haka ina da na ɓatawa. Ƙwallo kuma a Ladipo na samo wurin masu boris, milimita 27, nauyinsa wajen giram 80, daidai da wanda ake sa wa injin.

Legas nake so in zana a kai. Hannayen biyu fentin danfo, motocin hayar Legas, rawaya da baƙin layi. Doguwar gada ta tashi daga dama ta lanƙwasa ta sauko hagu, Third Mainland ke nan. Bamba uku, wato turaku masu harba ƙwallo da kansu in ya taɓa su, a sama inda ƙwallo zai yi ta karo, nan Oshodi ne, ba sai na yi bayani ba. Rami guda mai riƙe ƙwallo na ɗan lokaci kafin ya tofo shi, Apapa da gosulon tireloli. Sai ƙananan alluna masu hoton kwandon tumatir da buhun albasa, Mile 12 ta mutanenmu. Hanyoyin gefe biyu da ƙwallo ke salwanta a ciki, ruwan lagun. Wuri 11 na lissafa gaba ɗaya, har da Obalende da Idumota da Yaba da Ojota, Agege kuwa dole ta shiga ko ana ha-maza-ha-mata.

A takarda abin gwanin kyau. Da na ɗora katakon, na tokare bayansa da bulo mai inci 6, na yi gadar da kwali da gam, na kafa ƙusoshi a inda turaku za su tsaya, sai labari ya sha bamban. Wuraren 11 sun matse juna, wasu ƙofofin da ƙyar ƙwallon ke shiga. Gadar kuma in na harba ƙwallo da yatsa, sai ya hau rabi, ya tsaya kamar mai tunani, ya dawo ya bi tsakiya fit ya wuce ta inda hannayen za su zauna.

Hannayen ma ban haɗa su ba tukuna. Wani makanike maƙwabcina ya ce solonayid ɗin kik ɗin mota, wato naɗin wayar da ke fizgar ƙarfe in an ba shi wuta, zai yi, in haɗa da batir. Ɗan yayata kuma, mai karatun kwamfuta a Yaba, ya ce kada in sake taɓa zarto sai ya gina mini filin a cikin Visual Pinball, manhajar kwaikwayon finbol a kwamfuta, mun gwada. Mai zanen da zai yi mini hotuna shi ma ya matsa in ba shi awo ya fara. Wa zan fara saurara a cikinsu? Duk wanda ya taɓa buɗe cikin irin wannan injin, don Allah ya ɗora ni a hanya.

Injiniyan Ikeja ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Kafinta. Ina gyaran injinan gem a wuraren shaƙatawa na Ailan, ɓangaren tsibirin Legas, finbol tsofaffi sun bi ta hannuna, na ɗaga filinsu na ga cikinsu. Mai zane dai ka ba shi haƙuri, shi ne na ƙarshe. A masana'antun Cikago, inda Gottlieb da Bally da Williams suka yi zamaninsu, Stern kuma ke yi a yankin har yau, farin katako tsirara ake fara yi, babu fenti ko ɗigo, a kafa ƙarafa a yi ta bugawa, a cire a sake huda, a jefar a yanko wani. Sai ƙwallo ya yarda da kowace hanya sannan mai zane ke shigowa, domin hoto shi ke bin hanya, hanya ba ta bin hoto.

Fara da bulon nan. Gangaren injinan zamani digiri 6 da rabi ne. A tsawon inci 42, bayan katakon zai ɗara gaban da santimita 12. Bulonka santimita 15 ne, ka kai wajen digiri 8 ke nan, rabin laifin gadarka daga nan yake. Ka yanka itace daidai awo ka tokare da shi, ka ɗora waya mai manhajar awon gangare a kan katakon kansa, ka duba hagu da dama kuma su daidaita. Daɓen shagunanmu ba abin yarda ba ne.

Sannan ka daina harba ƙwallo da yatsa, ba abin da zai gaya maka. Yatsa na iya aika shi ko'ina, hannun injin kuwa iyakarsa ƙididdigagga ce. Daga ƙasa ake fara gini. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasan filin kada ka ƙirƙiri komai, kwafi abin da aka saba: hannaye masu inci 3, tsakanin ƙusoshin da suke juyawa a kai wajen inci 7, giɓin bakinsu wajen inci 2, a samansu abubuwan nan biyu masu kusurwa uku da danƙo da ke cilla ƙwallo, sai hanyar ciki mai kawo ƙwallo kan hannu da ta waje mai cinye shi. Shekaru aka kwashe kafin a tsaya a wannan tsari. Injin farko mai hannaye, Humpty Dumpty na Gottlieb a 1947, guda shida gare shi a gefe-gefe. A 1948 Steve Kordek ya sauko da biyu kacal ƙasa a injin Triple Action. Basirarka ka kai ta sama, can ne filin naka.

Yadda hannun ke aika ƙwallo shi ne abin da ya kamata ya zauna maka a ka. Ƙwallo na birgimowa daga gindin hannu zuwa bakinsa. In ka buga da wuri yana kusa da gindi, sama zai miƙe ko ya karkata ɓangaren hannun. In ka jinkirta har ya kai baki, sai ya tsallaka can ɗaya ɓangaren. Ke nan gadar da bakinta ke dama, hannun hagu ne mai ita, kuma dole bakin ya kalli hannun hagu, ba ƙasan akwatin ba. Yawancin masu farawa a miƙe suke zana ƙofofi, shi ya sa ƙwallo ke dukan bango ɗaya, ya daki ɗayan, ƙarfinsa ya ƙare tun a ƙofa.

Ga gwaji mai arha. Yanko kwali dogo, faɗinsa milimita 27 daidai da ƙwallo. Ɗora kai ɗaya a kan hannun, ɗaya kan ka shigar da shi ƙofar da kake so. In gefen kwalin ya taɓa turke ko ƙusa a hanya, wannan bugun babu shi, ko da a takarda ya yi kyau. Zare ba ya yi, ba shi da kauri, zai yaudare ka.

Batun wuri 11 kuwa, lissafi ne ya hana. Cire layin harba ƙwallo na dama da katakon gefe, abin da ya rage maka bai wuce inci 18 ba. Kowace ƙofa tana son wajen inci 2 in kana so yaro ya ji daɗin shiga, ga turke da robarsa tsakanin kowace biyu. Bakwai za ka samu cikin walwala, takwas da matsi. Amma unguwanninka ba za su salwanta ba: ƙofa ɗaya na iya zama Yaba yanzu, anjima fitilar gabanta ta sauya ta zama Ojota. Haka manyan injina ke yi. The Addams Family na Bally, wanda Pat Lawlor ya tsara a 1992 aka sayar da sama da 20,000, in ka ƙirga ƙofofinsa ba su da yawa, fitilu da dokokin wasan ne ke sa su zama abubuwa daban-daban.

Kowace ƙofa ka tambaye ta abu biyu: in ƙwallo ya shiga ina zai fito, in ya kasa ina zai faɗo. Na biyun ya fi muhimmanci, don yara kuskure suka fi yi. Gadar da ke mayar da wanda ya kasa tsakiyar hannaye zalunci ce, ka matsa bakinta gefe har ya riƙa faɗowa kan hannu. Kada hawan ya yi tsaye, ya hau a hankali, ya gama hawa kafin ya fara lanƙwasa, don hawa da kwana a lokaci guda su ke kashe gudu. A bakin ka sa siririn ƙarfe mai laushi ya kwanta a kan katako don kada ƙwallo ya yi tuntuɓe. Inda gadar ta haye wata hanya, ƙarƙashinta ya wuce milimita 30.

Ɗan yayarka bai yi ƙarya ba, Visual Pinball kyauta ce kuma tana nuna ko kusurwa ta yi. Ni dai ban cika jingina da ita ba. Ba ta san robar Legas ba, ba ta san katakonka ya ɗan bauɗe ba. Ya yi nasa, kai ma ka yi naka, ku gwada.

Baba Mai Naɗi ya rubuta:

Ɗana, maganar makanikenka nake so in taɓa. Naɗin koyil nake yi a Idi-Araba tun kafin a buɗe gadar nan da kake son zanawa a 1990, fanka, janareta, famfon ruwa. Solonayid ɗin kik zai motsa hannun, ban musa ba. Amma ƙarfen cikinsa nauyi gare shi, kafin ya tashi ƙwallo ya wuce. Wuta yake ci da yawa a bolt 12, kuma an yi shi ne don daƙiƙa biyu-uku na tayar da mota. Yaro kuwa danne maɓalli zai yi ya riƙe ƙwallo yana hira da abokinsa. Kafin a jima ka ji ƙauri.

Abin da ke ciki dai dabara ɗaya ce da ta finbol, naɗi biyu a jiki ɗaya. Na farko waya mai kauri, om 4 zuwa 5, shi ke fizgar hannun da ƙarfi. Na biyu siririya, sama da om 100, ita ke riƙe shi a sama ba tare da zafi ba. Da hannun ya kai ƙarshen tafiyarsa sai ya taɓa wani ɗan makunni ya yanke na farkon. Wutarsu wajen bolt 50 ce. Yi lissafi da kanka, bolt 48 a kan om 4 am 12 ke nan a lokacin fizga, don haka ƙaramar caja ba za ta ɗauka ba. Nemi fawa mai bolt 48 a Alaba, ka ƙara mata manyan kafasita, kowane layi da fiyus ɗinsa.

Koyil ɗin Williams lambarsu na faɗin sirrinsu. In ka ga 23-800, waya lamba 23 ce zagaye 800. In ka ga 26-1200, irin na bamba, waya lamba 26 zagaye 1200. Wannan kowane mai naɗi zai yi maka. Sai dai ka kula, lambar wayar Amurka daban take da ta Ingila da yawancinmu muka koya da ita. Ka faɗa masa a milimita: ta 23 wajen 0.57, ta 26 wajen 0.40. In ka ce masa lamba kawai, abin da ya sani zai ɗauko.

Shawarata, hannaye biyun nan ka daure ka yi odar na asali gaba ɗayansu, da ƙarfen da bushin da sifirin. Ba su da girma, ko a jakar matafiyi za su zo. Duk awon filinka a kansu ya dogara, in ka gwada da na jabu ranar da ka sa na gaske komai zai sauya. Bamba da ramin Apapa da sauran, kawo mu naɗa a nan. Kowane koyil kuma a sa masa dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a ƙetare, 1N4007 ya isa, zoben na kallon wayar fozitif. In babu shi, duk sanda wuta ta yanke koyil zai mayar da duka ya kashe maka taransista.

Ɗan Kwamfuta ya rubuta:

Kawu, ni ne. Baba ya gama magana, ƙari ɗaya kawai. Ko da naɗi ɗaya ne ana iya yi da Arduino, ɗan allon kwamfuta mai sarrafa wuta, da taransistar MOSFET irin IRL540: a ba koyil cikakkiyar wuta na wajen milisakan 30, sannan a riƙa ba shi ita a gutsure don ya riƙe kawai. Amfaninsa, ƙarfin hannun a lamba yake, in gadar ta ƙi hawuwa ko ƙwallo na tsalle yana dukan gilashi sai mu sauya lambar. Maki da fitilu da sauti kuma akwai manhajar Mission Pinball Framework, kyauta ce, amma wannan sai nan gaba. Injiniya, na ji maganarka a kan Visual Pinball, sai dai ka yarda a kwamfuta matsar da turke daƙiƙa ɗaya ce, a katako kuwa sabon rami ne.

Injiniyan Ikeja ya rubuta:

Ramin da kake tsoro da tsinken sakace da gam ake toshe shi, ƙanena. Kawunka kafinta ne.

Alhajin Obalende ya rubuta:

Ni ban san koyil ba, amma akwai abin da ya tsaya mini. Malam Kafinta, yara za su sa kuɗi su buga, ko ba haka ba? In wani ya ci maki da yawa me za a ba shi? Mun ga yadda shagunan caca suka cinye samarinmu a garin nan, daga ɗan okada har ɗan dako, a yi wahalar yini a kai wa na'ura. Kada ka kawo mana wata ƙofar da sunan fasaha. Ba zarginka nake yi ba, tambaya ce.

Injiniyan Ikeja ya rubuta:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Injinan farko na shekarun 1930 ba su da hannaye, harbawa kawai ake yi a zuba ido, wasu ma har kuɗi suke biya. Shi ya sa magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta su a 1942, aka riƙa kwashe su ana farfasawa da guduma. Sai 1976 aka ɗage, bayan wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna musu cewa mai iyawa na aika ƙwallo inda ya nufa. Wannan ma ya shafi tsarin fili kai tsaye. Filin da ƙwallo ke salwanta ba tare da ɗan wasa ya taɓa shi ba, sa'a ce zalla. Wanda kowace hanya ke dawo da shi kan hannu, nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Sauran kuma yana hannun mai shago.

Kafintan Agege ya rubuta:

Alhaji, ranka ya daɗe, yadda nake yi da PS haka zan yi da wannan. A biya kuɗin wasa a buga a tashi. Ba kuɗin da zai fito daga ciki, ba kyauta, kuma duk wanda na kama suna sa kuɗi tsakaninsu a kan maki ya bar mini shago. Iyakar abin da gwani zai samu, a rubuta sunansa da alli a jikin allo.

Maman Fenti ta rubuta:

Sannunku da aiki. Ni a Shomolu nake, buga sitika da alluna. Yaya Kafinta, Injiniya ya ce mu ne na ƙarshe, na yarda, amma akwai abin da ya kamata ka yi tun yanzu saboda mu. Duk ramin da ka tabbatar da shi, ka auna daga kusurwa ɗaya tak, ta ƙasa hagu, ka rubuta. In filin ya zauna, wannan awon za a kai wa masu injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, su yanka na ƙarshe, shi kuma za a ba mai zane. In kowa da inda ya fara awonsa, za ka tarar kwandon tumatir ɗinka rabi a ƙarƙashin turke.

Sai danshi. Awon Amurka ka kwafa, amma iskar Amurka ba ta zo da shi ba. Filawud da aka shafe fuska ɗaya aka bar ɗaya, damina ɗaya a Legas ta isa ta lanƙwasa shi, ƙwallo ya riƙa jan gefe guda. Shafe sama da ƙasa da bakin gefe, har cikin ramukan. Kada ka yarda da MDF, katakon nan na matsattsen garin itace, ko a gwaji, kumbura yake yi kuma ba ya riƙe sukuru. Ka je da ma'aunin kauri kasuwa, don abin da ake kira rabin inci sau da yawa bai cika ba, kayan finbol kuwa don katako mai wajen milimita 13 aka yi su.

A kan sitikar dole a fesa kiliya irin ta mota mai haɗi biyu, a bar ta ta bushe sosai kafin ƙwallo ya hau. Kai wa masu fentin mota su fesa, kada ka yi a shago yara na kusa, tururinta na illa ga huhu. Ƙwallon kuma ka riƙa dubawa. Na boris in ya kwana biyu a iskar nan sai ya fara tsatsa, ƙwallo mai tsatsa kuwa sanfefa ne, zai cinye mana aiki a wata guda. Sayi da yawa ka ajiye a roba mai murfi da ɗan mai, ka goge tas kafin ka sa.

Gilashin sama ya zama mai tauri irin wanda in ya fashe yake zama tsakuwa, ba na taga ba. Ƙwallon ƙarfe ne, kuma fuskar yaro na kai.

Kafintan Agege ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Hannayen asali sun iso ta hannun wani ɗan uwa, Baba ya duba mini haɗin wutar, na sauke gangaren zuwa 6 da rabi. Ƙofofi bakwai na bari. Idumota da Obalende sun haɗa ƙofa ɗaya, Yaba da Ojota ma haka, Agege kuwa na ba ta hanyar da ke zagaye filin gaba ɗaya ta bayan Oshodi, wanda ya ga son kai ne ya gina nasa.

Na yi gwajin kwalin Injiniya, na kuma ƙara da nawa. Hodar jarirai na barbaɗa sama-sama a kan katakon, na buga, ƙwallo ya riƙa barin sawu. A bakin gadar sai na ga sawun ba a tsakiya yake shiga ba, yana goge turken hagu, har robar ta yi fari a gefe ɗaya ɗayan gefen baƙi ƙirin. Da ido ba ka ganin wannan, ƙara kawai kake ji, ƙwas-ƙwas sau biyu. Yaron nan ya ɗauka da waya a hoto mai tafiyar hawainiya, muka ga ƙwallon ya daki hagu, ya koma dama, sannan ya fara hawa da sauran ƙarfin da ya rage. Na juya bakin kaɗan ya kalli hannun hagu, na ja turken baya kamar faɗin ɗan yatsa. Yanzu in bugun ya yi kyau ba ka jin komai sai shuuu, ya haye ya sauko. Wanda ya kasa kuma kan hannun dama yake faɗowa. Gaskiyar yaron kuma, a kwamfutarsa ya riga ni ganin cewa allunan Mile 12 sun yi kusa da ƙasa, duk wanda ya dake su ƙwallo lagun yake nufa. Na matsa da su sama.

Abin da ban zata ba shi ne ƙarƙashin katakon. A sama ramin Apapa da bamban Oshodi na hagu kowa da wurinsa, da na kifa filin sai ga ƙarafansu na neman zama wuri guda. Yanzu kowane inji na yanka masa kwali daidai girman gindinsa, ina jera su a bayan katakon kafin in huda.

Saura matsala ɗaya. Akwai wani lungu tsakanin bamban sama da bangon hanyar Agege, in ƙwallo ya zo a hankali sai ya zauna abinsa, sai an girgiza akwatin. Yaran da nake sa su gwada har sun raɗa wa wurin suna gareji. In cike shi da katako ne, ko in matsar da bamban? Sannan ina neman mai walda a Agege ko Ogba da zai iya lanƙwasa siririn rodi ya yi mini saukowar gadar, don kwalin ya fara laushi.

Injiniyan Ikeja ya rubuta:

Kada ka taɓa bamban, in ka matsa shi Oshodi za ta mutu, ukun sai suna kusa suke jefa wa juna ƙwallo. Ƙa'idar lungu ita ce ko dai ya fi ƙwallo faɗi sosai ya wuce, ko ya matse yadda ba zai shiga ba sam. Naka ya faɗa tsakani. Kafa turke ɗaya mai roba a bakin lungun, ka ɗan karkata shi yadda ƙwallo zai gangaro kan siket ɗin bamban, wato faifan gindinsa mai jin taɓawar ƙwallo, ya harba shi da kansa. Bayan haka ka kashe wuta, ka ɗauki ƙwallo da hannu ka ajiye shi a hankali a kowane saƙo na filin, ka sake shi. Duk inda ya tsaya ka zagaye da fensir.

Tunda yaranka sun fara girgiza akwati, lokacin sa ma'aunin girgiza ya yi: ɗan ƙarfe mai nauyi a rataye cikin zobe, in ya taɓa zoben hannaye su mutu. Rodin gadar kuma mai kaurin milimita 3 ya isa, amma kada mai walda ya auna da tef, ka ba shi ƙwallo ɗaya ya riƙa gwadawa yana yi, kuma waldar ta kasance ta waje, ba inda ƙwallo ke bi ba. Ranar Asabar ina da aiki a Ogba, in na gama da wuri zan biyo. Ka bar gilashin a cire.